Ku Nuna Mini Inda Aka Kwantar da Iliya

Zuwa ga Baba Fasto da dattawan kwamitin aikin bishara na zumuntarmu ta masu jin Hausa a Doha.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Ni ce Rifkatu, matar marigayi Iliya, wadda take zama a bencin ƙarshe kusa da ƙofa ranar Juma'a. Karatuna bai yi nisa ba. In kun ga kuskure a rubutun nan, ku yafe mini.

Ina ɗakin wanki na asibitin da nake aikin shara, ina ninke zannuwan gado da takunkumi a fuskata, sai wayata ta yi ƙara. Goggon maigidana ce daga gida, tsohuwar da ba ta taɓa kirana ba tun da na zo ƙasar nan. Ba ta tambayi aiki ba, ba ta tambayi zafi ba. Ta ce, Rifkatu, yaya haƙuri? Na ce, haƙurin me, Goggo? A bayanta ina jin mata suna rera waƙar da muke yi a gidan rasuwa. Sai ta ce, wayyo ni, ashe ba su faɗa miki ba. Na zauna a kan tulin zannuwan nan. A ranar Iliya ya kwana tara a cikin ƙasa.

Na rubuta wannan a fili ne don na yi maganar a ɓoye sau uku ba a ji ni ba.

Na ɗaya. Ban hana shi tafiya ba, kuma ban zarge ku da mutuwarsa ba. Da kuka yi sanarwa kuna neman masu sa kai su je gidan marayu a Uganda na mako biyu, shi ya fara ɗaga hannu. Aikinsa gyaran wuta da famfo ne, kuma an ce famfon rijiyar gidan ya lalace, yara na tafiya rafi da jarka. Hutunsa na shekara ya bayar, hutun da muka shirya zuwa gida mu ga 'yarmu Salomi da ke hannun mahaifiyata. Da korona ta taso aka ce kowa ya tattara ya dawo, shi ya riga ya kwance famfon, yana jiran wani ƙarfe daga birni. Ya ce mini, Maman Salomi, in na tafi yanzu na bar su da abin da ya fi wanda na tarar muni, ki ba ni kwana biyu. Sauran suka hau jirgi. Kafin kwana biyun su cika aka rufe filin jirgi, nan ma aka rufe ƙasa. Ya yi wata huɗu a can. Ya gyara famfon, ya ja musu wuta a ɗakin kwana, ya koya wa yaran waƙoƙinmu. Sai ranar Lahadi yake samun kirana, in ya hau wani tudu inda waya ke kamawa, wani makon ma ruwan sama ya hana. Shi ya sa da na ji shiru ban kawo komai a raina ba.

Na biyu. Takardar da kuka ba su suka cike kafin tafiya tana da wurin rubuta wanda za a nema in wani abu ya faru. Daga baya na ji cewa sakataren kwamiti ya ce wa maza su sa sunan namiji na gida, uba ko wa, kamar yadda aka saba. Iliya ya sa sunan wansa, Yaya Dauda, da ke ƙauye kusa da Kafanchan. To, da zazzaɓi ya kwantar da shi, Yaya Dauda kuka kira. Da ya cika, Yaya Dauda kuka kira. Shi kuka tambaya ko a binne a can, ya ce a binne. Ban ce ya yi laifi ba, a lokacin babu jirgin da zai ɗauko gawa. Amma ni ina nan unguwar Fereej Abdel Aziz, tafiyar da ba ta kai ta shan shayi ba daga gidan Baba Fasto. Kwana huɗu ya yi yana jinya. Da an faɗa mini, da na roƙi a kara masa waya a kunne.

Na uku, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Na san al'adarmu. Ba a faɗa wa mace mutuwar mijinta ta waya. Manyan mata ne suke zuwa, su zauna da ita, su riƙe ta, sannan a faɗa. Ni kaina an sha tafiya da ni irin wannan aike a gida. Kun so ku yi mini haka, na gode. Kun ce wa mutanen gida kada kowa ya kira ni sai matan zumunta sun zo. Amma ana cikin kulle. An rufe wurin sujada a Mesaimeer, ba a shiga gidan kowa, Mama Fasto tana killace, masu aikin jinya a cikinmu ba sa barin asibiti. Kowa ya jira gobe, kowa ya zaci wata ta je. A gida aka kafa rumfa, aka yi zaman makoki, aka dafa abinci, mahaifiyata ta danne bakinta don kun ce a jira. Salomi mai shekara bakwai ta riga ni sanin ubanta ya mutu. Ni kuwa a cikin kwanakin nan na wanke rigunansa na goge, don an fara rade-radin za a buɗe hanya. Ranku ya daɗe, al'adar an yi ta ne don kada mace ta ji ita kaɗai. A ƙarshe ni kaɗai na ji, a ɗakin wanki, ba wanda zai riƙe mini hannu.

Da na koma ɗaki, Malam Sani mai gadin gidanmu, mutumin Katsina, shi ya ga idona ya tambaya. Mako guda kullum da safe yana ajiye shayi da burodi a bakin ƙofata, ya koma nesa ya tsaya, ya ce, Maman Salomi, Allah ya ba ki haƙuri, ki ci ko kaɗan ne. Gaisuwar da na samu ke nan ido da ido. Taku ta zo a waya, bayan kun ji na riga na ji.

Na huɗu. Tun daga lokacin nake tambayar abu ɗaya: ina aka sa shi? Lambar matar da ke riƙe da gidan marayun tana hannunku, ni ba ni da ita, wayar Iliya kuma ta daina shiga. Karo na farko sakatare ya ce za a duba. Karo na biyu ya ce wanda ke da lambar ya koma gida. Karo na uku ya ce, Mama, khalas, ya isa haka, ki bar wa Allah. Na bar wa Allah ransa tun tuni. Kabarinsa nake tambaya. Ko korona ce ko cizon sauro, har yau ba wanda ya faɗa mini.

Da gasar ƙwallon duniya ta matso, mai gidan da muke haya ya ce mu tashi, baƙi zai zuba. Na koma unguwar Madinat Khalifa, ɗaki ɗaya da mata biyar, gado sama da ƙasa, kowa da akwati guda. Babu wurin kayansa. Na raba takalmansa da rigunansa, na riƙe hularsa ta aiki kawai. Yanzu gari ya cika, jirgin ƙasa maƙil da masu tuta da ganga, kowa na murna da yarensa. Ni nakan tsaya a gefe da jakata har in sauka.

A cikin wannan hali na zo sujada makon jiya na ga fosta a ƙofa: za ku koma gidan marayun nan bayan an gama gasa. Hoton Iliya ne a tsakiya, yana dariya, ruwa na zuba daga famfo, yara sun kewaye shi. Ban taɓa ganin hoton ba sai ranar. Na je wurin masu rubuta suna, na ce a sa ni, kafil ɗina, wato ubangidan aikina, ya yarda da hutuna. Aka ce mini gurbin na masu sana'a ne, masu jinya da masu gyara. Gaskiya ne, shara da wanki na iya. Amma ban taɓa jin gidan yara da ba ya bukatar wanki ba.

Ga roƙona. Ku sa sunana cikin masu tafiyar nan. Zan yi aikin da duk aka ba ni, ba zan zame wa kowa kaya ba, a nuna mini wurin kawai. Ku ba ni lambar matar nan kafin mu tashi, in sami mai Turanci ta taimake ni in ji yadda kwanakinsa na ƙarshe suka kasance, da ko ya bar mini magana. Ku gyara takardar nan, a sa sunan mace kusa da na ɗan'uwa. In kuma irin wannan rana ta sake zuwa kuka rasa hanyar isa wurin mace, ku kira ta. Zafin waya bai kai na kwana tara ba.

Ba na riƙe kowa a zuciya. Ubangiji ya ƙara muku hikima, ya tsare masu tafiya, ya ciyar da yaran nan, ya sa kada matar kowa a cikinku ta ga abin da na gani.

Shekara biyu da rabi ke nan, babu ko mutum ɗaya daga danginsa da ya tsaya a kan kabarin Iliya ya yi masa addu'a.

Wassalam, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Taku cikin bangaskiya,
Rifkatu, Maman Salomi