Maƙwabciyar Farko

Levenshulme, Manchester
6 ga Maris, 2023

Zuwa ga Yayata Murja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Abban Widad da yara. Na san za ki ce ina amfanin waya, amma a littattafan da nake karantawa duk maganar da ta yi nauyi a takarda ake sa ta. Wannan kuwa ta yi min nauyi.

Kin tuna tsohuwar da muke haɗa bango da ita? Sunanta Itziar, ni dai Amama nake ce mata, wato kaka a yarensu. Ita Bask ce, wata al'umma da ke tsakanin Sifen da Faransa, masu harshen da ba a san shi da ɗan'uwa ba a duk duniya. A jirgin ruwa aka kawo ta ƙasar nan a 1937, tana 'yar shekara bakwai, tare da dubban yara masu gudun yaƙi. An ce musu wata uku za su yi. Yau shekararta casa'in da uku.

Mako uku ke nan da ta samu shanyewar ɓarin jiki. Ta farfaɗo, amma Turancin ya tafi gaba ɗaya, sai yaren mahaifiyarta kaɗai ya rage. Ɗanta Martin yana Glasgow, ko kalma ɗaya bai sani ba. Hukumar gari suka turo mata tafinta mai jin Sifaniyanci, ta dube shi sama da ƙasa ta juya fuskarta bango.

Ga abin da ke damuna. Bara muna shan shayi ta ce min a ƙauyensu kowane gida yana da maƙwabcin farko. Idan ajali ya matso, shi ake kira kafin dangi. Shi zai zauna ya riƙe hannu, shi zai kai wa dangi labari. Ta ce, "Ke ce tawa." Na yi dariya na ce na yarda. Yaya, hira na ɗauka muke yi.

Yanzu ina zuwa Hulme duk Talata wurin Grace, wata malamar jami'a da ke nazarin harshensu da al'adunsu. Na iya cewa "hemen nago", wato ina nan. Da na faɗa mata, sai ta kama gefen mayafina ta ƙi saki.

Ƙanwarki,
Mubaraka

Aston, Birmingham
12 ga Maris

Mubaraka,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Sai da na juye ɗakina kafin na sami ambulan, ki sani.

Ke dai littattafan nan sun gama da ke. Da ƙyar muka sa ki iya Turancin zuwa ganin likita, yanzu kuma yaren da ko masu shi sai sun yi da gaske! Kyautata wa maƙwabci ibada ce, ban hana ki ba. Amma shafi biyu kika cika, ba ki ce uffan a kan cikinki na wata bakwai ba. Maigidanki Toufik ya kira ni, ya ce ƙafafunki sun kumbura kuma jininki yana hawa.

Haihuwar fari a gida ake yin ta. Inna ba ta raye, to ni ce gidan. Farkon Afrilu za ki taho, ba za ki koma ba sai kin gama wankan jego, kwana arba'in cif. Tsohuwa tana da ɗa, tana da masu kula da ita. Ke kuwa ni kaɗai gare ki.

Yayarki,
Murja

Levenshulme
26 ga Maris

Yaya,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina kuma roƙon ki karanta har ƙarshe kafin ki yi faɗa.

Amama ta fara magana sosai. Nakan ɗauki muryarta a waya in kai wa Grace ta fassara min. Kin san me take faɗa duk kwanakin nan da masu kula da ita ke cewa sambatu ne? Ba sambatu ba ne. Sunayen gidajen ƙauyensu take jerowa ɗaya bayan ɗaya, domin su da sunan gida ake sanin mutum. Jiya kuma labarin bakin teku ta bayar: mahaifiyarta ta ɗinke mata burodi a aljihun riga, ta ce kada ta ci sai ta daina hango ƙasa. Ba su sake ganin juna ba. Maƙwabciyarsu ce ta zauna da uwar har ta cika, ita ta aiko da wasiƙar rasuwa. Grace tana fassarawa tana share hawaye.

Shekara tamanin da shida tana magana da bakin wasu, Yaya. Yanzu da ta koma nata, babu mai ji sai ni, ni ma kalma ɗaya cikin ashirin nake ganewa. A littafi da sai a ce wani ɗan'uwa ya ɓullo daga ƙasarsu da furanni a hannu. Na daina jiran wannan. Likita ya ce makonni ne suka rage mata.

Ki bar ni in haihu a nan. Asibiti yana kusa. Na yi alkawari.

Taki,
Mubaraka

Aston
30 ga Maris

Mubaraka,

Na karanta har ƙarshe, sau biyu ma. Labarin burodin ya hana ni cin abinci.

Amma ke kina shekara huɗu lokacin da hawan jini ya tafi da Inna a kan gwiwa. Ni ina sha biyar, ni na wanke zanen. Ba zan sake ba. Toufik yana tuƙin bas tun safe har yamma, in kika faɗi wa zai ɗaga ki? Tsohuwar da ba ta iya ɗaga kofi?

Asabar za mu zo da mota. Ki haɗa kayanki, littattafan kuma guda biyar kawai na yarda.

Murja

Aston
19 ga Afrilu

Zuwa ga maigidana, sanyin idona,

Ina gaishe ka gaisuwar mai kewa. Yaya tana tsare da ni kamar fursuna, ko tsintsiya ba ta bari in taɓa.

Na ji daɗi da ka ce jiya a waya Amama tana samun sauƙi har tana shan miya. Ga sabbin jimloli uku na sa maka a takarda, na rubuta su yadda za ka iya furtawa. Ta farko tana nufin Mubaraka tana gaishe ki. Ta biyu, za ta dawo. Ta uku, ki jira ki ga jariri. Ka karanta a hankali, ka zauna ta gefen dama, da wannan kunnen take ji. In ta yi maka dariya kada ka ji haushi, ni ma ta sha yi min.

Matarka,
Mubaraka

Levenshulme
28 ga Mayu

Mubaraka,

Salamu alaikum. Ina fata ke da jaririnmu Zayd kuna lafiya. Ban iya wasiƙa ba, amma ranar suna na kasa faɗa miki ido da ido.

Amama ta rasu tun goma ga Afrilu, kwana tara bayan tafiyarki. Duk abin da na gaya miki a waya daga ranar ƙarya ne. Yaya Murja ta ce a ɓoye saboda jininki, ni kuma na yarda. Kada ki ga laifinta ita kaɗai.

Ranar ban fita aiki ba. Bayan la'asar mai kula da ita ta buga mana ƙofa, na shiga. Na karanta mata takardarki ta farko, wadda kika bar min a kan firji. Ta riƙe hannun rigata ta yi magana mai tsawo, ta fi minti goma, tana kallon ƙofa. Ni dai "hemen nago" nake ta maimaitawa. Wayar tana aljihuna, Mubaraka. Wallahi bai zo min in ɗauki muryarta ba sai da ta yi shiru.

Ni na kira Martin, yana cikin jirgin ƙasa a hanya. Ni na rufe mata ido. An binne ta a nan Manchester, Grace ta zo.

Takardunki huɗu suna nan, ban buɗe biyun ƙarshe ba. Ki yafe min.

Toufik

Aston
31 ga Mayu

Maigida,

Na samu. Zayd yana lafiya. Maganar yafiya mu bar ta sai na dawo, ban kai nan ba tukuna.

Abu ɗaya nake so. Ka sami wuri ka zauna yau, ka rufe ido, ka tuno abin da ta faɗa. Ba ma'ana nake nema ba, sauti kawai. Ka rubuta shi yadda kunnenka ya ji, ko rabin kalma ne, ko kana shakka. Zan kai wa Grace.

Kada ka ce ka manta. Minti goma ta yi tana magana, kuma da ni take.

Mubaraka