Wa Zai Faɗa wa Inna?

Shagari, ranar Asabar

Zuwa ga matar yayana, Balaraba.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ya haƙuri, ya takaba, ya su Mufida? Allah shi gafarta wa Yaya Attahiru.

Na rubuto ne don waya ba ta yi mini. Tun da idon Inna ya tafi kunnenta ya ƙaru, ko bayan rumbu na laɓe sai ta ji. Nuhu direba zai miƙo miki wannan.

Balaraba, na shiga uku. Kin san ranar da macijin nan ya sari Yaya a dajin Mandera, Kawu Sama'ila ya ce kada wanda ya faɗa wa Inna ɗanta ya rasu, wai hawan jininta ba zai ɗauka ba. Muka ce mata ya tafi Kamba gyaran tirela. Masu zuwa ta'aziyya a zaure nake tare su in mayar, kukana kuwa a banɗaki nake yi kamar ɓarauniya.

To ga Juma'a ta sake wucewa babu ƙarar babur ɗinsa, Inna ta daina cin abinci. Tuwo ta ture, fura ta ture. Kuma ba za ta tambaya ba! Ɗan fari ne, kin san kunyarta, tun da ta haife shi bakinta bai taɓa kama sunansa ba. Iyakarta ta juya fuska wajen ƙofa ta ce, "Yau hanya shiru." Jiya da na ɗaga ta, wallahi kamar na ɗauki tabarma.

Ki ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ƙanwarki, Safinatu

Boɗinga, ranar Litinin

Zuwa ga Safinatu.

Wa alaikumus salam. Haƙuri sai godiya, yara suna gaishe ki. Saƙonki ya same ni a kan tabarmar da nake wuni yanzu, na karanta na sake karantawa.

Da ina da ikon fita da kin gan ni, amma mai takaba ba ta tafiya, kuma ni suruka ce, ban isa in tsallake maganar Kawu ba. Ga dabara ɗaya. Na sa an sayo zabo a kasuwa, na gasa shi yadda yayanki yake yi, gishiri da yaji kaɗan, na zare ƙasusuwan. Ki ce mata shi ya aiko.

Ina cikin zare ƙashin nan na tuna da shi. Duk Alhamis yakan rufe gareji da wuri, ya kira karnukansa ya shiga daji, Juma'a ya kama hanyar Shagari. Na taɓa yi masa ƙorafi na ce, "Malam, motocin mutane na jira, kai kana bin zabi." Ya yi dariya ya ce, "Mota ba ta jin yunwa, Balaraba." Mutumin da sai ya dirje hannunsa da yashi da sabulu kafin ya ɗauki yaro, don kada baƙin mai ya taɓa su. Keken ɗinkina, injin markaɗen maƙwabta, fankar masallaci, duk hannunsa ne. Har yau direbobi suna tsayawa ƙofar garejin su yi ham, sai an leƙa an gaya musu.

Allah ya sa ta ci. Ki gaishe mini da ita, ki ce lafiya muke. Allah ya yafe mana.

Taki, Balaraba

Shagari, ranar Laraba

Balaraba,

Salamu alaikum, ina gajiya. Ba ta ci ba!

Na kai mata na ce, "Inna, ga saƙo daga Kamba." Ta sa yatsa ta taɓa, ta kai hanci, ta ajiye. Ta ce, "Wanga zabon gida na, ba na daji ba, kitse garai. Kai ma yara." Shi ke nan ta juya bango.

Ni ma wauta na yi. Yaya ai ba aike yake yi ba. Zuwa yake ya tsuguna a bakin ƙofarta, ba ya shiga, ya ɗaga murya ya ce, "Safinatu, ki ce ma mutanen ɗakin nan an kawo zabo." Ita kuma ta ce mini, "Ki ce ma wancan shi rage shiga daji." Ni ce a tsakiya ina kai magana ina dawowa, alhali tsakaninsu bai fi taku ba. Da can dariya abin ke ba ni, har ina tsokanarsu in ce a biya ni ladan aike.

Na je wurin Kawu na durƙusa na ce, "Kawu, don girman Allah a faɗa mata." Ya ce in na faɗa ta faɗi, alhakin uwata a wuyana. Haba! In na yi shiru yunwa ta kashe ta, alhakin a wuyan wa? Sai ya ja carbinsa. Ban ga laifinsa ba, yayarsa ce, tsoro yake ji.

Malamin asibiti ya zo ya ce sai ƙarin ruwa, ta naɗe hannuwa cikin zane ta ƙi. Yanzu sallah ma a kwance take yi. Yau da hantsi wani babur ya tsaya a ƙofar gida, tsohuwar da ba ta iya ɗaga kai sai ga ta zaune tana gyara ɗankwali. Ashe mai sayar da manja ne.

Ba zan iya ba, Balaraba. Na rasa yaya, ga uwa tana zarewa a hannuna. Ke kin fi ni hankali, ki ce wani abu.

Safinatu

Boɗinga, ranar Alhamis

Safinatu ƙanwata,

Amincin Allah ya tabbata gare ki. Na ce ban isa ba, yau zan yi magana, Kawu ya gafarce ni.

Ki faɗa mata. Ni an ba ni tabarma da watanni in yi kukan mijina a fili, mata suna shigowa suna ce mini ya haƙuri. Ke kina kuka a ɓoye. Ita da ta haife shi ko ɓoyen ba mu bar mata ba. Kullum tana zaune tana zaton ɗanta yana raye ya daina zuwa, kuma kin san yayanki ko da zazzaɓi sai ya je. Ranar da ruwa ya cinye hanya, tura babur ɗin ya yi har Shagari, ya dawo ƙafa duk kaushi ya fashe, yana ba yara labarin kifin da ya gani a dam. Irin wannan mutumin muke sa uwarsa ta ɗauka ya manta da ita. Wallahi ina jin kunyarsa.

Ki kira Kawu ya zauna kusa, ki riƙe hannunta, ki kira sunansa sosai, kada ki ce wancan. In wani abu ya faru, ki ce ni na sa ki, mu raba alhakin.

Ina nan ina addu'a har in ji daga gare ki.

Balaraba

Shagari, ranar Juma'a

Yaya Balaraba,

Salamu alaikum. Na faɗa, Kawu yana zaune yana hawaye.

Ba ta faɗi ba. Ta yi salati, sannan ta ce a dama fura. Ta sha kaɗan, ta zauna a cikinta, alhamdu lillahi.

Da Kawu ya fita ta jawo hannuna ta ce, "Safinatu, hwaɗa min yadda huskatai take. Sa'ad da nike da ido, ban diba ba."

Na buɗe baki na kasa. Ke kin fi kowa kallonsa. Don Allah ki rubuto, Nuhu yana jira.

Safinatu