Inna, Ba Ƙanzo Ba Ne

Zuwa ga mahaifiyata, Inna, a makwancinta na Tsamaye.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwa, da roƙon Allah ya ƙara haskaka kabarinki, na rubuto ne in ba ki labarin wata tafiya da muka yi Sakkwato, ni da Yaya Balki da autarta Kulu. Na san ko kina da rai ba za ki karanta wannan da kanki ba, sai dai a karanta miki, kina cewa a maimaita inda aka ambace ki. Na kuma san masu karantawar wasu ne daban. Su yi haƙuri, da ke nake magana.

Bana ma ruwa ya ɗauke gero na shirin fitar da kai. Daga Isa, inda nake koyarwa, har Sabon Birni, inda Yaya Balki ke aure, gona bayan gona, kara ya tsaya iya gwiwa yana fari. Mutane suna ta cewa ba su taɓa ganin irin wannan ba. Mantuwa ce. Ni na gani ina 'yar shekara shida, a tsakar gidanki.

Kin tuna shekarun nan da rumbun Baba ya zama wurin kwanan kaji. Kin tuna anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da kike jiƙawa kwana da kwanaki kina sauya ruwa kafin su ciwu. Yaya Balki ce ke tafiya daji ta ɗebo su, ita ce ke zuwa rijiya mai nisa, tana da shekara tara. Ran da aka samu garin tuwo kuwa, idan kin gama raba mana 'yar malmala, sai ki kankare gindin tukunya, ki tara ƙanzon a murfin kwano, ki tura gabanta ba tare da kin dube ta ba.

Ɗiyar fari ce, kunya ba ta bari ki kira sunanta ba, balle ki ce mata sannu a gaban mutane. "Ke wagga," kike ce mata. Ƙanzon nan shi ne sannunki. Ban gane haka ba sai da na girma. A lokacin ina ganin son kai ne kawai, ina kuka a bayan ɗaki.

Da ruwa ya dawo aka mayar da mu makaranta. Ni na kama karatu kamar da shi aka haife ni. Yaya Balki kuwa ta shekara uku a aji ɗaya. Ita ce za ta gaya miki akuyar wane ta ɓata, da ran da ta ɓata, da wanda ya gan ta ƙarshe. Waƙar da ta ji sau ɗaya a gidan biki, ta riƙe ta ke nan. Amma a ɗora mata littafi a gaba, sai ta yi tsuru, gumi na tsatso mata a hanci. An yi bulala. An wanke mata rubutu ta sha har cikinta ya saba. Babu abin da ya motsa.

Sai Goggo Mairi, ƙanwar Baba, ta zo da amsa, kamar yadda ta saba zuwa da amsar duk abin da ba a tambaye ta ba. Ta ce, "Yarinyar da ta tashi da ƙanzo, ina za ta ga basira? Ai kowa ya san yana toshe kai." Kowa kuwa ya sani, har ke. Yunwa ce ta sa kika yi kamar kin manta.

Ina kallon fuskarki ranar. Kin ci gaba da tankaɗe. A ƙarshen zangon aka cire Yaya Balki daga makaranta.

Daga ranar ban ƙara ganin ƙanzo kusa da bakina ba. Ke kike jiƙa shi ki ci, a tsaye, kin ba mu baya. Idan na miƙa hannu sai ki buge shi da muciya ki ce, "Ɗaya ta ishe ni." Da wannan maganar na yi firamare, na yi sakandare, na shiga jami'a. A jami'a, Inna, a sashen ilimi, na tashi a gaban aji na yi bayani mai kyau a kan camfe-camfen da ke hana yara karatu, na kawo misalin ƙanzo, aka yi dariya, aka ba ni maki mai yawa. Na koma ɗaki, 'yan ɗakinmu suna cin kwaɗon ƙanzo da ƙuli-ƙuli, suka ce bismilla, na ce na ƙoshi.

Ran da ciwonki ya yi tsanani, da hantsi, kika sa aka kira ta. A ranar na fara jin sunanta a bakinki. Kika ce, "Balkisu, ki yafe mini. Ni na cinye miki kai da hannuna." Ta ce ta yafe. Ni mai digiri ina zaune a bakin gado ina miki fifita, ban buɗe baki ba. Na ce a raina ba lokacin gardama ba ne. Gaskiyar ita ce ban da abin da za ni sa a madadin maganarki. Na san ba ƙanzo ba ne, amma ban san mene ne ba.

To, ga Kulu. Shekararta goma yanzu. Ba ki san ta ba, bayanki aka haife ta, amma goshinki ne da ita. Tun da aka yaye ta ba ta taɓa ɗanɗana ƙanzo ba. Yaya Balki ta tsare wannan doka fiye da yadda kika tsare ta. Ko bana da hatsi ya yi wuya, gara ta zuba wa awaki da ta bar shi inda yarinyar za ta gani. Duk da haka Kulu tana aji huɗu ba ta iya haɗa baƙi uku ta fitar da kalma.

Kin san abin da Yaya Balki ta yi? Ta bi gidajen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya tana tambaya wa ke ba ɗiyarta ƙanzo a ɓoye. Ta ɓata da aminiyarta a kan haka. Ta tsare Kulu a ɗaki ta ce sai ta faɗi gaskiya, yarinyar ta gaji ta amsa laifin da ba ta yi ba. Mahaifinta kuma ya ce tunda kan bai ɗauka, ga shekara ta yi tsanani, a ƙarshen zango ta zauna gida ta taya uwarta aiki. A ƙarshen zango, Inna. Ko kalmomin ba a sauya ba.

Shi ya sa na nemi a gwada ta. Na sha yawo kafin in samu wurin. Wani ofis ya tura ni asibiti, asibiti suka ce ba ciwo ba ne, in koma wajen malamai. Daga ƙarshe aka kwatanta mini wata mata a Sakkwato da ta karanci yadda yara ke koyo. Muka jira wata biyu kafin ta ba mu rana. Muka kama hanya da safe, hanyar da yanzu ba a binta sai da addu'a.

Ta fara sa aka duba idon Kulu da kunnenta. Lafiya lau. Sannan ta zaunar da ita a ƙaramin tebur. Ta ba ta labari da baki, Kulu ta mayar mata da shi har da abin da matar ta manta ta faɗa. Ta ba ta 'yan katakai ta jera su yadda ke cikin hoto, ta jera kafin matar ta gyara zama. Ta nuna mata hoton dabba ta ce mece ce wannan, tana jiran a ce akuya. Kulu ta ce jar akuya ce, kuma tana da ciki. Matar ta ƙara duba hoton ta ce lallai kuwa.

Sai aka zo wajen baƙaƙe. Ta ce ta raba kalma gunduwa-gunduwa, ta faɗi sautin farko, ta karanta 'yan kalmomi gajeru. Nan na ga gumin nan ya tsatso a hancinta. Na juya, na ga Yaya Balki a kan benci tana motsa leɓe tare da ita, ita ma hancinta ya jiƙe.

Matar ta ce sunan abin disleksiya. Ta ce ba daƙiƙanci ba ne, ba lalaci ba ne. Wasu mutane haka aka halicci ƙwaƙwalwarsu, tana shan wuya wajen ɗaura sauti a kan baƙin da aka rubuta, alhali sauran komai nata garau. Ta ce yakan bi jini, ta tambaya ko akwai mai irinsa a dangi. Na tuna Baba, da ya riƙe surori masu yawa da kunne amma bai taɓa iya bin allo da yatsa ba. Yaya Balki ta ɗaga hannu kamar 'yar aji.

Ita ce ta yi tambayar, ba ni ba. Ta ce, to ƙanzo fa? Na sunkuyar da kai ina jiran dariya. Matar ba ta yi ba. Ta ce ita da kwaɗon ƙanzo ta yi makarantar kwana shekara shida, kuma ga ta.

A mota, da muka yi nisa, Yaya Balki ta ce, "Ashe abin da ba a yi mini ba na yafe."

Kada ki ɗauka an warke, Inna. Abin ba ya da allura. Takarda aka ba mu, shafi uku da Turanci. Na kai wa shugaban makarantar su Kulu, ya karanta, ya ninke ta da ladabi, ya tambaye ni wane magani aka rubuta. Ban ga laifinsa ba, malaminta ɗaya ne a gaban yaran da ba sa ƙirguwa. Ni kaina na koma na tuna 'yan mata nawa na rubuta wa "ba ta ƙoƙari" da jan biro a Isa. Ba za ni faɗi adadin ba. Na gaji da kaina a wannan wurin.

Abin da ya samu shi ne Kulu ba ta bar makaranta ba. Yaya Balki, wadda ban taɓa jin ta ɗaga wa mijinta murya ba, ta ce masa an cire ɗaya a gidanmu bisa kuskure, ba za a cire ta biyu ba. Ni kuma duk Asabar ina zuwa Sabon Birni. Muna zana baƙi a ƙasa da yatsa, muna gina shi da yumɓu, muna faɗin sautinsa har ya zauna. Wani makon ya zauna, wani makon ya tashi. Tafiyar za ta yi tsawo, kuma gwiwoyina sun fara irin ciwon naki.

Asabar da ta wuce, bayan la'asar, mun gama darasi ina neman takalmina, sai na ji ana kankarar tukunya. Yaya Balki ta fito da murfin kwano. Ta jiƙa ƙanzon, ta kwaɗa shi da ɗan ƙuli da barkono. Ta ajiye a tsakanina da Kulu, ba ta dubi kowa ba, yadda kike yi. Kulu ta kalli kwanon, ta kalli uwarta, tana tsoron ko tarko ne. Sai da na fara sa hannu.

Inna, shekara talatin da wani abu kina hana ni, kina raye da bayan ranki. Yana da daɗi. Abin da kika tura wa ɗiyarki ta fari a shekarar yunwa abinci ne mai daɗi, shi kaɗai kike da shi, kuma shi ya tsayar da ita a kan ƙafafunta tsakanin rijiya da gida. Ba ki cinye mata komai ba.

Allah ya jiƙanki, ya sauke miki nauyin da kika tafi da shi wanda ba naki ba ne. Ya yafe wa Goggo Mairi, ya yafe mini shirun da na yi a bakin gadonki. Ya buɗe wa Kulu baƙaƙe ko da sannu-sannu ne, ya ba mu ruwa mai albarka baɗi. Amin.

Yaya Balki ta ce in gaya miki ta mayar miki da gafararki, ki riƙe abinki, ba ta da inda za ta sa ta.

Ɗiyarki,
Saratu