Abin da ke ƙarƙashin gadon Mak

Talata, 8 ga Yuli, Mersing
Kwana biyu da barin Johor Bahru. Awa biyu kawai muke tuƙi a rana saboda ciwon bayan Mak, mahaifiyarmu, shi ya sa ma yayana Abang Rosdi ya aro wannan motar mai gado da kicin. Inna Timah, ƙanwar Mak, tana kwance a Tumpat, likita ya ce a kira 'yan uwa. Shekara tara ba su ga juna ba.
Da azahar na'urar da ke shinshina gas ta fashe da ihu. Na ciccibi Mak muka fito ba takalmi. Abang ya shafa kumfar sabulu a tiyo da kan tukunyar gas. Ko ɗigon yoyo. Na'urar ta yi shiru don kanta, shegiya.

Laraba, 9
Sau biyu ta yi ihu yau. Kullum sai rana ta take, mota a rufe.

Alhamis, 10, Kuantan
Mun kashe yini guda a gareji. Bakanike ya gwada batir, ya sake tiyo, ya ce lafiya lau. Ya kira ni Kak, wato yaya: "Ko turaren gashinki ne?" Na ce wane gashi, ni da rabona da madubi tun Lahadi?
Ko kilomita goma ba mu yi ba na'urar ta sake ihu. Kuka na yi sosai a bakin titi, motoci na wucewa.

Juma'a, 11, Dungun
'Yar Inna Timah ta bugo. Ta daina cin abinci, sunan Mak kawai take kira.
Na ɗauko almakashi zan yanke wayar na'urar. Abang ya riƙe min hannu. "Zila, gas ƙasa yake kwanciya. Gadon wa ke ƙasa?" Na Mak ne. Ya ce in ta ƙara ihu gobe, gida za mu juya, ba zai kashe tsohuwa a hanya ba. Na faɗa masa maganar da ba zan rubuta a nan ba.
Mak tana zaune tana jinmu, ko uffan. Har haushinta na ji, Allah ya yafe min. Mu muna ta fama ita tana lissafin bishiyoyin kwakwa ta taga.
Ya Allah, kar ka sa mu juya.

Asabar, 12
An cire tukunyar gas gaba ɗaya, an ajiye waje. Na'urar ta yi ihu duk da haka!
Sai na durƙusa na bi ƙasa da hanci kamar kyanwa. Wani wari mai zaƙi-zaƙi da yaji, daga akwatin da ke ƙarƙashin gadon Mak, taku ɗaya da na'urar. Bokiti a naɗe da tsohon zani. Tapai. Shinkafa mai danƙo da Mak ta barbaɗa wa yis ta ƙunshe a ganye tun kafin mu taso. Kwana shida a zafi, ya wuce nuna, tururinsa har hawaye yake sawa, ashe shi na'urar ke shinshina.
Na yi mata tsawa. Ni, na yi wa Mak tsawa. "Kwana biyu kika ci mana! Me ya hana ki magana?"
Ta ce, "Ai ba a buɗe shi, ba a zancensa, sai ya yi tsami. Kin manta ne?" Can kuma ƙasa-ƙasa: "Timah ba ta cin na kowa sai nawa."
Na riga na juye shi a kwata.

Lahadi, 13, Besut
Na'ura shiru tun jiya. Abang har waƙa yake.
Da safe na shiga kasuwa sayen ruwa, ban san yadda aka yi na fito da shinkafa da yis da ganyen ayaba ba. Na turara, ta huce. Mak ta sa na wanke hannu sau biyu. Ni na yi naɗin, tana gyara min da yatsa. Ba a magana lokacin haɗawa, ba a yi da fushi. Dole na ajiye nawa a gefe.
Bokitin yana gaba, tsakanin ƙafafuna.
Yau za mu isa. Tapai ɗin kuwa sai ya kwana uku kafin ya nuna. Allah ka bar mana Inna Timah zuwa Laraba.