Baƙon Ƙarfe a Motar Baba

Asabar, 7 ga Satumba, 1985

Alhamdu lillahi. Da shi zan fara.

Muna dawowa daga Argungu, daga gaida Riskuwa ƙanwar Inna, mun ɗan wuce Ambursa na faɗa wani rami da ruwa ya rufe. Na ji ƙas! a ƙarƙashin ƙafata, sitiyari ya fizge ni dama, sai ga mu a bakin gonar shinkafar wani bawan Allah. Ko ƙwarzane babu. Inna tana baya, ƙwaryar busasshen kifi ta kife mata a cinya. Ba ta yi kururuwa ba. Ta tsince kifinta ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Auta, buɗe min. Ni kam na gama da motag ga."

A-kori-kurar albasa ce ta kawo ta gida. Motar Baba kuma tarakta ta jawo ta garejin Hodi.

Litinin, 9 ga Satumba

Daga makaranta na wuce gareji, ko allin hannuna ban wanke ba. Hodi ya sa ni na shiga rami da kaina, ya haska mini. Ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin inji, wanda ƙafafun gaba suka dogara a kansa, shi ne ya tsage. Su kanikawa kurosmemba suke ce masa. Baƙi ƙirin yake da kwalta, tsagar ta ci fiye da rabinsa.

Na ce a yi walda. Ya ƙwanƙwasa da sifana, tsatsa ta zubo mana a ka.

"Malam Kalilu, ƙarhen ga ya mutu. Mi za ni liƙe waldar da shi?"

Wai na kamfani an daina yi tun tuni, Fijo ce ta shekarar samun 'yancin kai. Akwai wanda wani kamfani daban yake ƙerawa, ya fi kauri, ana samu a Kano. Sai dai a huda shasi a wuri biyu kafin ya zauna.

A huda! Na ce masa ko noti ɗaya baƙo ba zai shiga motar nan ba. Bai yi musu ba, ya ci gaba da cin goronsa. Wannan ya fi ba ni haushi.

Talata, 10 ga Satumba

Da Baba ya rasu aka raba abin da ya bari, ni na zaɓi motar, na bar wa Yaya Maigandi fadama. A gaban kowa na ce yadda Baba ya ɗauko ta daga kamfani haka za ta zauna. Shekara shida ina cika baki da wannan. Har madubin da ya dushe ban canza ba.

Alhamis, 12 ga Satumba

Yaya Maigandi ya zo jaje, ko in ce ya zo dariya.

"To malamin makaranta, fadama dai ba ta karyewa. Ka ba maƙera su yi muna lauje da ita, ga yankan shinkafa tafe."

Na yi dariyar yaƙe, don yaya ne. Da ya tafi na huce a kan matata Kulsumi, wai miya ta yi gishiri. Ba ta yi ba. Ta dube ni kawai ta ɗauke kwanon.

Lahadi, 22 ga Satumba

Na je Sakkwato, na je Jega, neman na kamfani ko da na gwanjo ne. A Jega an nuna mini wata irinta a bayan wani gida, kaji na ƙwai a kujerar baya. Na leƙa ƙarƙashi. Nata ya fi namu ruɓewa.

An aiko daga Argungu jikin Inna Riskuwa ya ƙara tsanani. Inna ba ta iya motar haya, amai take yi tun kafin a bar tasha. Duk rayuwarta motar Baba kaɗai cikinta ya yarda da ita. Na ga ta ɗaure kayanta a ɗankwali ta ajiye a bakin gado.

Litinin, 23 ga Satumba

Na ce wa Hodi ya aika Kano. Ban dubi fuskarsa ba da na faɗa.

Laraba, 2 ga Oktoba

Ƙarfen Kano ya iso. Fentinsa ja, wal-wal, kamar sabon bokiti. Na ɗaga gefe ɗaya, nauyi kamar turmi. Ban so na yaba ba, to amma ƙarfe ne na gaske. Hodi ya auna da igiya, ya sake aunawa da tef, ya ce, "Wanga ko jikanka ba ya ganin bayanshi."

Asabar, 5 ga Oktoba

Yau kam sai na cika shafi.

Tun da hantsi aka rataye inji da sarƙa a reshen dogon yaro, aka kwance ƙafafun gaba. Na tsaya a kansu kamar mai gadin jarrabawa. Da aka sauke tsohon ƙarfen na ce kada a jefar da shi a bola, zan kai gida in adana, na kamfani ne. Hodi ya ce to bari ya kankare mini kwaltar kada ta ɓata mini riga.

Yana kankarewa sai ya tsaya. Ya ƙara kankarewa. Ya kira ni.

A ƙarƙashin kwaltar akwai wani dogon ƙarfe mai kusurwa, an ɗora shi a bayan na kamfanin, an ɗinke su da ƙusoshi masu faɗin kai, bugun guduma. Na kamfanin ashe ya daɗe da karyewa gida biyu, tsohuwar karaya, bakinta har ya goge. Wancan baƙon ne yake riƙe da motar. Kuma fentinsa kore ne, da 'yan furanni.

Hodi ya shafa kan ƙusoshin da yatsa. "Wanga ba aikin bakanike ba na. Maƙeran Argungu masu yi ma jirgin ruwa ƙusa, su ad da wanga ɗinki. Dubi kwaltar ma, awa ta jirgi."

Ni ba ƙusoshin nake kallo ba. Koren fentin nake kallo. Na san shi. A kansa na koyi rarrafe.

Gadon ƙarfen Inna, wanda ta zo da shi gidan Baba. Tun tasowata gefensa na jikin bango a kan bulo uku yake zaune, an gitta itacen giginya. Shekara ashirin da huɗu gare ni, ban taɓa tambayar dalili ba.

Na ɗaura shi a bayan keke na kai gida, na ajiye a gabanta tana tankaɗe. Ta dube shi, ta karkaɗe hannu.

"A'a! Ashe yana nan."

Wai daminar da ruwa ya yi yawa ce, ina goye. Baba ya ɗauko kifi ɗanye daga Argungu, motar ta karye a hanya, kifin na shirin ruɓewa. Ya zo gida a guje, ya ɗaga katifarta, ya kwance ƙarfen gefe, ya ce gobe zai maido. Ya kai wa Ɗantsoho maƙeri.

"Goben ce har yau ba ta yi ba," in ji ta.

Na ce, Inna, shekara shida kina jina ina rantsuwa babu baƙon ƙarfe a motar nan, ba ki ce komai ba?

"Wa yat tambaye ni? Kai da ubanka duk ɗaya ku ke, in kunka hau magana ba ku jin kira."

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Daga baya kuma hawaye, ban san daga ina ba. Kunya na ji, gaskiya, amma sauƙin da na ji ya fi kunyar. Wata guda ina ganin kamar zan ci amanar Baba. Ashe shi da zai tashi yau, da kansa zai riƙe wa Hodi na'urar huda.

Talata, 8 ga Oktoba

An huda. Ina tsaye. Ban mutu ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba

An ɗaure komai, an daidaita ƙafafu. Ni da Hodi muka gwada ta har Ambursa, da gangan ya sa na bi ta ramin nan. Ta wuce ko gezau. Karkarwar da sitiyari ke yi in an kai hamsin, wadda nake ce wa halinta ne, babu ita. Ashe ba hali ba ne, ciwo ne.

Labari ya kai wa Yaya Maigandi, ba ta bakina ba. Ya aiko a tambaye ni ko akwai sauran kayan ɗakin Inna a cikin inji. Zai yi shekara yana wannan. Na sallama masa.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Na roƙi Inna ta shiga gobe. Ta ce za ta gani. Da la'asar ta fito ƙofar gida da sandarta, ta sa na durƙusa na nuna mata jan ƙarfen. Ta ƙwanƙwasa shi da sandar sau biyu. Ta koma ciki.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na fito da safe na same ta zaune a kujerar baya, ɗaurin ɗankwalin a cinya.

Mun isa Argungu kafin azahar, ba amai, har gyangyaɗi ta yi a hanya. Inna Riskuwa ta rame sosai, amma ta gane ta, ta riƙe hannunta ta ƙi saki. Wai ta ɗauka ba za su sake ganawa ba. Na fita waje na ba su wuri. Da na ƙara sati biyu ina yawon Jega... ban son ƙarasa wannan.

Na bar Inna can za ta kwana uku.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Ɗantsoho ya rasu tuni, amma ɗansa Hammadu yana maƙerar. Jiya na kai masa ƙarfen, ya sare ƙusoshin ubansa, ya miƙe shi a wuta. Yau da safe ni da Kulsumi muka ɗaga katifar Inna, muka fitar da bulo uku da giginya, na ɗaura shi a mazauninsa. Ya shiga daidai. Gefe ɗaya kore, ɗaya baƙi.

Madubin nan da ya dushe, na ce wa Hodi in ya ga wani ya ajiye mini. Ba wai zan canza ba ne. Bayan mota ne dai ba na gani sosai.