Mayafin Goyon Mam-gu

Litinin, 21 ga Fabrairu, 1927
'Yata Ceinwen ta zo aron kayan kakata, Mam-gu. Wai ranar bikin waliyyi Dewi Sant, 1 ga Maris, yaran makaranta za su yi shigar gargajiya, kuma 'yarta Nest ba za a bar ta a baya ba. Na ba ta doguwar baƙar hular da rigar ulu. Sai ta ce, "Mam, mayafin goyon fa? Jaririn nan ya kusa ɓalle min kafaɗa." Na ce asu ya cinye. Ta dai kalle ni.

Laraba, 23
Nest ta ce kayan nan na sarauniyoyin da ne. Sarauniya! Mam-gu da ƙawayenta kan dutse suke hawa da bazara, suna tsintar gashin tumaki a jikin ƙaya, su kwana a rumbun mutane. Da wannan tsintuwar ta kaɗa zare aka saƙa mayafin. Duk ɗan gidan nan a cikinsa ya yi barci.

Juma'a, 25
Na buɗe akwatin da mayafin ke ciki. Asu ko kusa bai taɓa shi ba. Har yau gefen hagu a lotse yake, daidai kan yaro.

Lahadi, 27
A coci na ji nauyi a ƙirjina ta hagu, har na tallabe. Babu kowa. Tsoro nake ji, gaskiya.
Jaririna Iorwerth na tuna, shekarun baya. Na naɗe shi a ƙirji kamar yadda kowace mace ke yi, na kama hanyar kasuwar Tregaron ina tafe ina saƙa safa. Ina ta murna yaro ya yi lamo. Sai da mai sayen ƙwai ta leƙa ta ce, "Baiwar Allah, zauna tukuna." Ban san a ina cikin hanyar ya rasu ba. Abin da ke cina ke nan.

Talata, 1 ga Maris
Hular ta rufe wa Nest ido, Ceinwen na fama da ita, jaririnta Emrys na tsala kuka. Ta miƙo min shi: "Riƙe angonki, Mam, ya ishe ni." Na ɗauko mayafin. Sanyi ya yi yawa, shi ne kawai dalili. Hannuna bai manta naɗin ba.
Ban ɗauki saƙa ba. Tafin hannuna na bayansa har makaranta, har muka dawo. Yana ta numfashi.
Mayafin na kan kujera. Sai ya sha iska kafin in mayar.