Na Ce Masa An Rufe Filin

Anti, ki taimake ni, ƙaryar da na yi da bakina ta zame mini ƙarfen ƙafa.

Autana shekararsa ashirin da uku, yana da lalurar jinkirin fahimta. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya yara suka kore shi daga filin ƙwallo, ya dawo da fasasshen leɓe. Ranar na ce masa an rufe filin. Shi kuwa duk abin da na faɗa ya zauna daram. Ko kasuwa za mu, sai in zagaya da shi ta wata hanya.

Takalman ƙwallon da yayansa ya bar masa suna ƙarƙashin gado. Duk Asabar sai ya goge su da tsohon buroshi, ya tambaye ni ko an buɗe, in ce tukuna.

Yanzu wata malama ta fara horar da masu irin lalurarsa a filin nan, gudu da ƙwallo. Yayansa ya kawo takardar shiga, autan ya ƙi ko kallonta, wai Mama ta ce a rufe yake. Ni kaɗai na je na leƙa ta shinge, na dawo ina hawaye. Ina marmarin in gan shi ya shigo gida jiƙe da gumi kamar ɗan kowa. Amma in ya gane ƙarya na yi masa, maganar wa zai ƙara yarda da ita?

Uwar Auta

Uwar Auta, a ranar ban ga laifinki ba, jinin ɗanki kika gani. Amma shekara goma sha biyu ta yi yawa.

Na san abin da ke ranki: ki ce masa yau aka buɗe, a wuce wurin. Kada ki kuskura. Wata rana zai ji gaskiya a bakin wani, kuma wannan ta fi ciwo. Ki zaunar da shi, ki gaya masa a taƙaice cewa ba a taɓa rufe filin ba, ke ce kika ji tsoro, ki nemi ya yafe miki. In ya yi fushi ki ƙyale shi, babban mutum ne.

Tsoronki ma ba na banza ba ne. Ki fara ganin malamar, ki ji wa ke kula da su in an yi faɗa ko rauni. Ranar farko ku je kallo kawai, ke da shi da yayansa.

Allah ya sanyaya zuciyarki, ya nuna miki Asabar ɗin da takalman nan za su dawo gida da laka.

Antinku